Manhaja za ta haɗa maka silaid cikin minti ɗaya, amma wa zai amsa tambaya?

Da zarar zangon ƙarshe ya zo gangara, akwai kasuwar da ke buɗewa a guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajin ƙarshe: "Ana haɗa silaid na difens, farashi mai sauƙi." A da sai ka kai kundinka wurin mai shagon kwamfuta a bakin geti, ya kwafo babi na ɗaya zuwa na biyar ya zuba maka a PowerPoint. Yanzu ko wannan wahalar ma ta kau. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo harkar gadan-gadan. Microsoft ya sanya Copilot a cikin PowerPoint, Canva na da nasa, ga Gamma da ire-irensu. Ka rubuta jimla guda ko ka loda kundinka, kafin ka shanye ruwan leda ɗaya an fito maka da shafuka goma sha biyar masu launi, da hotuna, da kanun magana, komai tsaf.

Wannan ci gaba ne, ban musa ba. Wanda bai iya tsara launi ba ya huta, wadda ba ta da kuɗin biyan mai shago ta huta. Sai dai akwai abin da ya kamata mu lura da shi, mu da za mu tsaya gaban malamai, ko gaban masu ba da jari, ko a taron ƙungiya. A da, silaid mai kyau alama ce cewa mutum ya zauna ya ɓata lokaci a kan aikinsa. Yau ba ya nuna komai, tunda kowa na iya samunsa. Malamin da ke zaune a gabanka ya san haka. Shi ya sa abin da ya rage masa ya gwada ka da shi shi ne bakinka, musamman lokacin da ya ce, "Koma shafi na bakwai, wannan adadin daga ina ka samo shi?"

Kafin mu je can, bari mu ɗan waiwaya. PowerPoint ba sabon abu ba ne. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka ƙera shi a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought, ya fito kasuwa a 1987, kuma a shekarar Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. Mu kuwa haska hoto a bango ya riga PowerPoint zuwa wurinmu da shekaru masu yawa. Ka tambayi kakanka mene ne majigi. Tun zamanin Turawan mulki mota ke zagaya garuruwan Arewa, a kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna fim kan tsafta ko noma, ga kuma mai sharhi da lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa. Ka lura da rabon aikin: hoto na bango, magana na bakin mutum. Har yau sunan da muke kiran na'urar ke nan, amma rabon aikin ne muka rikita. Mun kwashe maganar mun liƙa a bango, mu kuma mun juya wa jama'a ƙeya muna karanto musu.

Za ka iya cewa to mene ne a ciki, iyaka dai mutane su yi hamma. Akwai lokacin da abin ya wuce hamma.

Ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia na hukumar NASA ya tashi daga Florida ɗauke da 'yan sama jannati bakwai. Daƙiƙa tamanin da 'yan kai bayan tashinsa, wani ɓallin soso mai tauri, irin wanda ake lulluɓe tankin makamashi da shi, ya ɓalle ya daki fiffiken hagu. Kyamara ta ɗauka. Kumbon na can sama yana zagaya duniya, a ƙasa kuma ana tambaya: dukan nan ya yi ɓarna ko bai yi ba? Injiniyoyin kamfanin Boeing suka yi lissafi, suka gabatar wa manyan NASA sakamakon a silaid.

Akwai shafi ɗaya daga ciki da ya zama abin karantarwa har yau, bayan da Edward Tufte, farfesa a Jami'ar Yale kuma masanin yadda ake nuna alƙaluma, ya yi masa filla-filla. Kan maganar da ke saman shafin, da manyan haruffa, mai kwantar da hankali ne. Duk wanda ya karanta shi kaɗai zai ɗauka cewa gwaje-gwajen da aka yi a baya sun nuna babu abin tsoro. Ƙarƙashinsa kuma ga ɗigo-ɗigo hawa-hawa, babba da ƙarami da ƙaramin ƙarami. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka rubuta maganar da ta fi kowace muhimmanci: abin da ya faru da kumbon ya yi nisa da abin da aka taɓa gwadawa. Soson da aka yi gwaji da shi bai fi girman ƙwan kaza ba. Wanda ake magana a kansa, a lissafin da ke shafin, ya ninka shi sau 640, wato ya fi jarka mai lita 25 girma. Ma'ana, gwajin da ake dogaro da shi ba shi da abin cewa a kan wannan dukan. Amma maganar na kwance a layin da ido ke kaiwa a ƙarshe, in ma ya kai. Tufte ya kuma nuna cewa kalmar Turanci guda mai nufin "sosai" ta fito sau biyar a shafin, kowace da ma'anarta daban, ba tare da an faɗi nawa ne "sosai" ɗin ba.

Ranar 1 ga Fabrairu, yayin da Columbia ke dawowa, iska mai tsananin zafi ta shiga ta ramin da ke fiffiken, kumbon ya tarwatse a saman jihar Texas. Dukkan mutum bakwai suka rasu. Kwamitin da ya binciki haɗarin ya fitar da rahotonsa a watan Agustan shekarar, ya sanya nazarin Tufte a ciki, ya kuma ce yadda NASA ta mayar da silaid madadin cikakken rahoton fasaha alama ce ta matsalar isar da bayani a hukumar.

A yi adalci, ba silaid ne ya kashe su ba. Soso ne ya huda fiffike, kuma akwai injiniyoyin da suka nemi a ɗauki hoton fiffiken daga sama don a ga ɓarnar, shugabanni ba su bi ta kai ba. Wasu ma na ganin Tufte ya ɗora wa manhaja laifin da na mutane ne. Ina ganin suna da gaskiya rabi. Sai dai darasin da ya shafe ni da kai bai canja ba: mai sauraro yana ɗaukar abin da ka rubuta da manyan haruffa a matsayin hukuncinka. In ka binne ainihin maganar a layi na goma sha ɗaya, kamar ba ka faɗe ta ba ne.

Yanzu ɗauko silaid ɗinka na difens ka duba kanun shafukan. "Gabatarwa." "Bitar ayyukan da suka gabata." "Sakamako." "Sakamako, ci gaba." Waɗannan sunayen akwati ne, ba su gaya wa kowa abin da ke cikin akwatin ba. A ce bincikenka a kan yadda ɗalibai ke samun labarai ne, kuma ka gano yawancin waɗanda ka tambaya daga WhatsApp suke fara jin labari kafin rediyo. To wannan jimlar ita ce kan shafin. Jadawalin da ke ƙasa aikinsa ya tabbatar da ita. Akwai gwaji mai sauƙi: ka karanta kanun shafukanka kaɗai a jere, daga farko zuwa ƙarshe. In sun ba da labarin aikinka, ka san abin da kake son faɗa. In ba su ba da ba, matsalar ba ta launi ba ce, kuma babu manhajar da za ta gyara ta.

Sojojin Amurka ma sun sha fama da abin. A 2009, a Kabul, an nuna wa Janar Stanley McChrystal wani shafi da aka ce yana bayyana dabarun yaƙin Afghanistan. Kibiyoyi ne da layuka sun sarƙe kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2010 cewa da ya kalle shi sai ya ce, ranar da muka fahimci wannan shafin, mun ci yaƙin. Janar James Mattis cewa ya yi PowerPoint na mayar da su wawaye. H.R. McMaster kuwa hana amfani da shi ya yi lokacin da yake jagorantar dakaru a Tal Afar da ke Iraƙi a 2005, domin a cewarsa yana sa mutum ya ji kamar ya fahimci abu kuma yana riƙe da shi, alhali ba haka ba ne. Wannan maganar ta McMaster ita ce ta fi dacewa da zamaninmu. Ɗigo uku a jere suna kama da tunani. Amma ɗigo ba ya tilasta maka ka ce "saboda", ko "duk da haka", ko "wannan ne ya jawo wancan". A cikin waɗannan ƙananan kalmomin hujja take zaune, kuma su ne farkon abin da ke zubewa idan aka yanka magana gunduwa-gunduwa.

Dalilin Jeff Bezos ke nan da ya hana PowerPoint a tarukan manyan ma'aikatan Amazon tun 2004. Mai son gabatar da shawara sai ya rubuto ta a takarda, cikakkun jimloli, shafi shida. A farkon taro kowa ya yi shiru ya karanta, sannan a fara muhawara. Ba ina ce ka shiga ɗakin difens ka raba wa malamai takarda ka ce su yi shiru na rabin awa ba, sai dai in kana sha'awar ƙarin shekara. Abin ɗauka shi ne tsarin aikin. Kafin ka buɗe kowace manhaja, zauna ka rubuta abin da za ka faɗa a sakin layi biyu ko uku, da bakinka, ko da Hausa ne. Mece ce tambayar? Yaya na bincika? Me na samu? To sai me? In ka kasa rubuta wannan, ba ka kai lokacin haɗa silaid ba.

To a jefar da majigin ke nan? A'a. Akwai abin da baki ba zai iya ba. Hans Rosling, likita ɗan Sweden, ya tsaya a dandalin TED a 2006 da alƙaluman haihuwa da tsawon rai na ƙasashen duniya, abin da a takarda zai sa ka barci. Ya mayar da kowace ƙasa ƙwallo mai launi, ya sa shekaru na tafiya ƙwallayen na motsi, shi kuma yana bin su da sharhi kamar mai sharhin ƙwallon ƙafa. Mutane suka ga da idonsu yadda ƙasashen da ake kira masu tasowa suka matso. Wannan aikin allo ne na gaskiya: nuna abin da sai an gani. Taswira, hoton wurin da ka yi bincike, jadawali guda mai nuna bambanci, ɗan gajeren bidiyo. Steve Jobs, ranar 9 ga Janairun 2007 da ya gabatar da iPhone a San Francisco, da zai ce na'urori uku ne a cikin guda, hotuna uku kawai ya sa a allo yana juya su, har mutane suka gano da kansu.

Akwai kuma bincike a bayan wannan. Richard Mayer, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya shafe shekaru yana gwada yadda mutane ke koyo daga hoto da magana. Daga cikin abin da ya gano: idan ana nuna zane ana bayani da baki, sai kuma aka ƙara rubuta bayanin kalma da kalma a allon, fahimta raguwa take yi. Haka kuma kayan ado da ba su da alaƙa da darasin suna ɗauke hankali. Kai ma ka san haka ba sai an faɗa maka ba. Ido ya fi baki sauri. Kafin mai magana ya kai layi na biyu ka gama karanta shafin, ka ciro wayarka. Ba rashin ladabi ba ne kawai, ya riga ya ba ka duk abin da zai ba ka.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne, gaskiya. Da yawa daga cikinmu abin da muka gani a aji muke kwaikwayo: malami ya haska hanawut ɗinsa a bango yana karantawa, mu muna ɗaukar hoto da waya. Wasu sassan kuma sun ƙayyade kanun da dole su fito a silaid na difens. In haka ne a sashenku, kada ka yi gardama da tsari ranar da makinka ke hannunsu. Bar musu "Sakamako" ɗinsu a sama da ƙaramin rubutu, ka sa jimlarka a ƙarƙashi da babba.

Shafi nawa ya kamata? Kowa da ƙa'idarsa. Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin Apple da ya koma harkar zuba jari, ya shahara da 10/20/30: shafi goma, minti ashirin, kuma kada girman rubutu ya gaza 30. A Tokyo, a 2003, wasu masu zanen gine-gine biyu sun ƙirƙiro PechaKucha, shafi 20, kowane daƙiƙa 20, jimla minti shida da daƙiƙa arba'in, ko ka gama ko ba ka gama ba. Ni a ganina lambar 30 ɗin ce ta fi amfani a wurinmu, saboda tana hana ka cusa sakin layi a shafi ko da kana so. Sauran kuwa lissafi ne: an ba ka minti goma ka zo da shafi arba'in, daƙiƙa goma sha biyar ke nan kowanne. Za a tsayar da kai kana tsakiyar babi na biyu, ba ka kai ga abin da ka gano ba, wanda shi kaɗai ne naka a duk kundin.

Sannan ka tuna ɗakin da za ka shiga. Waɗanda suka tsara samfuran Canva ba su san zauren da tagoginsa ba labule ba, da rana tsaka, da majigin da fitilarsa ta tsufa. Rubutu ruwan toka a kan fari, mai kyau a laftof ɗinka, ɓacewa zai yi a bango. Baƙi a kan fari bai taɓa ba kowa kunya ba. In kuma ta Zoom ko Google Meet ne, yawancin masu kallonka a waya suke, jadawali mai layi ashirin tururuwa kawai za su gani. Ka adana kwafi a PDF, domin salon rubutun da ka zaɓa zai iya wargajewa a kwamfutar sashe. Ɗaya a filash, ɗaya a waya, ɗaya a takarda.

Wuta kuwa, ka sa a ranka za a ɗauke. Ko Jobs, a wancan taron na iPhone, na'urar canja shafi ta ƙi aiki a hannunsa ana tsaka da bayani. Bai tsaya yana kallon allo ba. Ya shiga ba da labarin yadda shi da abokinsa Steve Wozniak suke tsokanar ɗalibai da wata na'urar rikita talabijin da Wozniak ya haɗa, mutane na dariya har aka gyara. Wanda ya san maganarsa, ɗauke wuta jinkiri ne kawai a wurinsa. Gwada yin bayaninka gaba ɗaya ga abokin ɗakinka, laftof a rufe, agogo a hannunsa. Inda ka tsaya kana "am, am", nan ne ba ka gane ba tukuna.

Mu dawo kan ƙirƙirarriyar basira, don a nan sabon haɗarin yake. Waɗannan manhajojin ba sa son shafi ya zauna fayau. In ba ka ba su adadi ba, suna iya ƙirƙiro maka, da kaso cikin ɗari da sunan rahoton da babu shi a duniya, kuma su rubuta shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Suna iya taƙaita sakamakonka su ƙara masa gishirin da bayananka ba su kai ba: ka tambayi mutum ɗari biyu a unguwa ɗaya, shafi ya fito yana magana a kan "matasan Najeriya". Wannan shi ne kuskuren shafin Columbia, babban kai yana faɗin abin da ƙaramin rubutu bai goyi baya ba. Ga kuma hotuna: bincike a kan manoman Dawanau ko masu sayar da fura, a liƙa maka hoton wasu mutane da kwat a ofis mai gilashi. Hoton da ka ɗauka da wayarka a wurin, ko bai fito ras ba, ya fi shi nauyi, don yana nuna ka je. Yi amfani da manhajar wajen jera abubuwa da daidaita launi, ba laifi. Amma duk adadin da ke allon, ka iya buɗe kundinka ka nuna shafin da yake. Wanda ba ka iya nunawa ba, goge shi.

Kuma kada ka ɗauka abin zai ƙare da difens. Ko jari kake nema irin dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu ke bai wa matasan 'yan kasuwa, ko aiki a ƙungiya mai zaman kanta, ko tallafin wani shiri a unguwarku, akwai ranar da za a ce ka tsaya ka yi bayani cikin 'yan mintuna. A nan ne ma ake yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Fayil ɗin da za ka tura a karanta ba ka nan yana buƙatar cikakken bayani, kamar jerin hotunan da kake sakawa a Instagram mutum na ja da yatsa. Wanda za ka haska kana tsaye kuwa ba ya buƙata, tunda ga ka. In an nemi duka biyun, yi guda biyu.

Sai shafin ƙarshe. Kusan kowa da godiya yake rufewa, da hoton fure ko hannaye biyu na musabaha. Shafin nan shi ne zai fi kowanne daɗewa a bango, domin a kansa za a yi minti goma ko ashirin ana tambayoyi. Yi godiyar da baki. A allon ka bar babban abin da ka gano da jadawalin da ke tabbatar da shi, yadda duk mai ɗaga kai zai gani. Bayansa kuma ka ajiye wasu shafuka biyu ko uku da ba za ka nuna ba sai an tambaya: yadda ka zaɓi waɗanda ka yi wa tambayoyi, cikakken jadawali, samfurin takardar tambayoyin. Ka haddace lambobinsu. A PowerPoint, in kana cikin nunawa, ka danna lambar shafi sannan Enter, kai tsaye zai kai ka can.